Yadda ake nemo wurin farautar beyar a dajin arewacin Kanada bayan ƙanƙara ta narke

Shekarar da na fara fita farautar beyar a nan lardin Albata na Kanada, kwana huɗu cur nayi ina kutsawa cikin duhuwar itatuwa tun asuba har rana ta faɗi, takalmi cike da ruwan ƙanƙara, amma wallahi ko sawu ɗaya ban gani ba. Da na dawo wajen aiki wani dattijo da muke tare, wanda tun yana yaro yake shiga dajin nan, ya karɓi wayata ya duba inda na yawata, sai ya nuna min cewa duk kwanakin nan na yi su ne a inda babu abin da beyar zai ci. Tun daga ranar na daina neman dabbar da kanta, na koma neman abincinta, kuma duk abin da zan faɗa a nan a kan wannan ya ginu.

Bari in fara da ita dabbar saboda wanda bai santa ba. Baƙin beyar nake nufi, wanda namiji babba kan kai kilo 100 zuwa 200. Yana shiga rami wajen Oktoba ko Nuwamba, ya kwanta wata biyar zuwa shida ba ci ba sha, kitsen jikinsa kawai yake ƙonawa, sai Afrilu ya fito a rame. Maza ne ke fara fitowa, mata masu 'ya'ya su ne na ƙarshe domin a cikin ramin suke haihuwa wajen Janairu zuwa Fabrairu. To kaga dabbar da ta yi rabin shekara ba ta sa komai a ciki ba, ba nama take fara nema ba, ɗanyar ciyawa mai laushi take bi, irin wadda ta tsiro jiya-jiya. Kuma bazarar nan ba irin tamu ta zafi ba ce, lokaci ne da ƙanƙara ke narkewa ƙasa ta fara numfashi, wani wuri ya yi kore shar alhali kilomita ɗaya daga nan har yanzu fari fat yake. Wannan bambancin shi ne jarinka.

Matakin farko takardu ne, kuma dan Allah kar a yi wasa da shi. A Kanada sai kana da lasin mallakar bindiga da ake kira PAL, wanda sai ka yi kwas na kiyaye bindiga ka ci jarrabawa, sannan akwai jiran dole na kwana 28 ga mai nema karon farko, a aikace ma yakan ɗauki watanni, don haka tun kaka ake farawa. A Albata sabon mafarauci sai ya yi kwas na ilimin farauta, ya samu lambar shaidar mafarauci da ake kira WIN, sannan ya sayi lasin beyar na wannan kakar. Wanda ya zo daga wata ƙasa kuwa ba ya shiga daji shi kaɗai, sai da jagora mai izini. An raba lardin gida-gida ana kiran kowane yanki WMU da lambarsa, kowanne da ranar buɗewa da rufewa, ana buɗewa farkon Afrilu, wasu a rufe cikin Mayu wasu sai Yuni. Littafin dokokin ana sake shi duk shekara, na bana zaka karanta ba na bara ba. Idan wani lardin kake to dokarsa daban, misali Ontariyo ta soke farautar bazara a 1999, ta dawo da ita a matsayin gwaji a 2014, daga baya ta tabbatar da ita, ita kuma Birtish Kolombiya ta hana sa wa beyar abinci don a jawo shi kwata-kwata, a Albata kuwa an yarda amma a wasu yankuna kawai. Ni dai ban taɓa sa abinci ba, hange da bin sawu nake yi, a kansa zan yi magana.

Mataki na biyu ka zaɓi yanki, kuma ka zaɓi wanda zaka iya zuwa sau da yawa. Mutane na ruɗuwa da wuri mai nisa mai suna, alhali wurin da zaka leƙa sau biyar a kaka ɗaya ya fi wanda zaka je sau ɗaya ko da ya fi shi dabba. Daga Edmonton, babban birnin lardin, in ka bi babbar hanya ta 43 akwai Whitecourt da Fox Creek, in ka yi arewa akwai Athabasca da Slave Lake, ta hanyar 63 kuma akwai dajin da ke tsakanin Lac La Biche da Fort McMurray, can gaba akwai kwarin kogin Peace. Galibin dajin nan ƙasar gwamnati ce da kowa ke iya shiga, amma akwai filayen da aka ba makiyaya haya, waɗannan sai ka tuntuɓi mai hayar, gonar mutum kuma sai da izininsa. Gandun dajin ƙasa irin su Jasper da Banff ba a farauta a ciki sam. Manhajar iHunter tana nuna iyakar kowane yanki a waya, ka sauke taswirar tun kana gida don a dajin babu sabis.

Wani abu da ya kamata ya shiga lissafinka tun a nan shi ne girizli. Shi ma beyar ne amma wani jinsi daban, ya fi girma ya fi faɗa, kuma Albata ta dakatar da farautarsa tun 2006, a 2010 aka sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazana. Yana nan ta gindin duwatsun yamma irin su Hinton da Grande Cache, akwai shi ma a Swan Hills. Shawarata ga sabon shiga ya fara da gabas da arewa maso gabas inda haɗuwa da shi ba ta da yawa, sai ido ya buɗe.

Mataki na uku shi ne wanda na fi ɓata wa lokaci, kuma a ɗaki ake yinsa, wato zama da taswira. Ka buɗe Google Earth a kwamfuta ba a waya ba, ka karkatar da hoton yadda zaka ga tudu da kwari. Abu na farko da zaka nema shi ne gangaren da ke fuskantar kudu. A gida mun saba rana ta bi ta saman kai, to a nan ba haka ba ne, rana kullum ta kudu take ratsewa, don haka gefen tudun da ke kallon kudu ko kudu maso yamma shi ke shan rana duk yini, ƙanƙararsa ta riga narkewa, ciyawarsa ta riga ta ko'ina fitowa, wani lokaci da sati biyu ma. Gefen arewa kuwa yana nan a daskare da duhuwa. In ka je kwarin kogin Peace zaka ga abin da idonka, gaɓa ɗaya ciyawa ce a buɗe, ɗaya gaɓar itatuwa ne cunkus. Duk inda ka ga irin wannan buɗaɗɗen gangare ka sa masa alama.

Sai kuma wuraren da ɗan'adam ya share. Arewacin Albata cike yake da hanyoyin bututun mai da gas, da layukan da masu binciken mai suka yanka cikin daji miƙe kamar an ja da zare, da tsofaffin hanyoyin masu katako, da ƙarƙashin wayoyin lantarki. Da yawa daga cikinsu bayan an gama aiki akan watsa irin ciyawa don ƙasa kar ta zaizaye, har da kuloba, wannan 'yar ciyawar mai ganye uku, ita da dandeliyon mai fure ruwan ɗorawa beyar ba ya iya wuce su. Tsohuwar hanyar da aka toshe bakinta mota ba ta shiga, ciyawa ta rufe tsakiyarta, rana na dukanta, wallahi in ka samu irin wannan ka samu kasuwa. Filin da aka sare itatuwa shekara biyu zuwa shida da suka wuce shi ma yana da kyau, in ya wuce haka ƙananan itatuwa sun yi tsawo ko beyar na ciki ba zaka gan shi ba. A Google Earth akwai inda ake komawa hotunan baya, da shi zaka gane shekarar da aka yi saran. Haka ma inda gobara ta ci, irin ta Slave Lake a 2011 ko ta Fort McMurray a 2016, 'yan shekarun farko bayan wuta ƙasa takan yi albarka sosai, amma waɗannan biyun yanzu sun yi duhuwa, sabbin ƙuna zaka bincika, kuma ka kula da busassun itatuwan da ke tsaye don iska na kayar da su ba sallama.

Amma fa kore kaɗai bai isa ba. Beyar, musamman babban namiji, ba ya son yin nisa da maɓoya. Abin da kake nema wuri ne da abu uku suka haɗu kusa da juna, ciyawa a fili, duhuwar itatuwa da zai kwanta da rana, da ruwa, ko rafi ko tafkin da biba, wata dabbar ruwa mai tare rafi da itatuwa, ta datse. Bakin irin wannan tafkin yakan fitar da tsiro da wuri. Katon fili fetal mai faɗin kilomita ba shi ne ba, lungunansa ne, inda ya yi kwana ya shige cikin daji, inda mai wucewa a mota ba zai hango ba. Ni nakan fitar da wurare goma zuwa goma sha biyar, na tabbata fiye da rabi ba za su yi ba in na je.

Mataki na huɗu lokaci. Don an buɗe farauta farkon Afrilu ba yana nufin ka fita ranar ba, sau da yawa a lokacin daji fari ne beyar na rami. Kuma kowace shekara da nata, wata ƙanƙara ta tafi da wuri wata ta daɗe. Akwai hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 kyauta a intanet, duk 'yan kwanaki ake sabuntawa, in babu hadari zaka ga inda fari ya janye da inda kore ya fara shigowa tun kana zaune a gida. Alamar da na fi yarda da ita kuwa ita ce itacen fofla, in ganyensa ya fara buɗewa ƙanana kamar farcen yatsa, dandeliyon ya fara fure a bakin titi, to lokaci ya yi. A yankunan da nake zuwa yawanci tsakiyar Mayu ne. Akwai ciniki a nan, da wuri kore kaɗan ne don haka dabba na taruwa wuri ɗaya kuma gashinta cikakke ne, in an yi latti ko'ina ya yi kore sun watse, ganye ya rufe gani, ga sauro kamar me, wasu kuma sun fara goge gashinsu a jikin itace. Sai dai daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni lokacin barbara ne, manyan maza na yawo suna neman mata ko da rana tsaka.

Mataki na biyar ka taka da ƙafarka, gani ya kori ji. Ka ajiye mota nesa, ka bi hanyar a hankali idonka a ƙasa. Kashi shi ne shaida ta farko. Na bazara tari ne cike da zaren ciyawa, sabo kore ne a jiƙe, in ya kwana biyu sai bayansa ya yi baƙi, ka sa sanda ka fasa, in cikin har yanzu kore ne to bai daɗe ba. Tari ɗaya yana nufin ya wuce ta nan, amma in ka samu biyar shida a cikin 'yar tafiya, wani sabo wani tsoho, to nan gidansa ne yana dawowa kullum. Na tuna wata tsohuwar hanyar katako da na bi, kilomita biyu na farko ba komai, ina yin kwana inda hanyar ta sauka kusa da wani rafi sai ga kashi jere, kan kuloba duk an datse kamar an sa almakashi, furannin dandeliyon an cinye an bar kara, ga wani ruɓaɓɓen kututture an farke shi ana neman tururuwa, ɓawon a warwatse har yanzu da danshi. A taswira wurin bai fi sauran kyau ba ko kaɗan.

Sawu kuma a bakin laka ake nemansa. Ka auna faɗin tafin ƙafar gaba, maharban nan suna da lissafi, faɗin tafi a inci ka ƙara ɗaya shi ne kusan tsawon fatar a ƙafa, wato tafi mai inci biyar beyar ne mai kusan ƙafa shida, wannan babba ne. In ka ga matsakaicin sawu da ƙanana-ƙanana a gefensa to uwa ce da 'ya'ya, ka bar mata wurin ka nemi wani. In kuma ka ga yatsu sun jeru kusan a miƙe, alamar farce ta yi nisa can gaba da yatsun, girizli ne, ka san inda kake. Ka duba jikin itatuwa da turakun lantarki na katako ma, zaka ga cizo da yaƙushi da gashi a maƙale, nan ne suke goga baya suna barin wari.

Mataki na shida ka nemi inda zaka zauna, kuma iska ce za ta zaɓa maka. Hancin beyar abin tsoro ne, ya fi na kare, idonsa da kunnensa kana iya yaudara amma hanci a'a. Wuri ko ya cika da kashi in babu yadda zaka shiga iska na bugun fuskarka to ba wurinka ba ne ranar nan. Ni garin toka nake zubawa a 'yar roba ina matsawa ina ganin inda ya nufa. A wuri mai tudu iska na hawa sama in rana ta dumama ƙasa, in yamma ta yi sanyi ta juyo ta gangaro kwari, to ka lissafa da wannan juyin don yakan zo daidai lokacin da dabba ke fitowa. Ka samu ɗan tudu ko kwanar hanya da zaka hango nesa, ka jingina da itace don kar siffarka ta fito, ka sa madubin hangen nesa kana bin bakin daji sannu-sannu. Duk baƙin abu ka tsaya a kansa, sau goma kututturen da wuta ta ƙona ne, na sha ɗaya sai kaga ya motsa. Awa uku na ƙarshen yini su ne zinariya, kuma a ƙarshen Mayu rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura na dare, don haka nakan yi la'asar a bakin mota kafin in shiga, in riƙe alwala, magariba kuma sai na fito. Doka ta yarda da harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta ne kawai.

In ya fito kar ka yi garaje. Haramun ne a doka harbin uwa mai ɗa ɗan ƙasa da shekara, ko shi ɗan, kuma abin da ke sa mutane kuskure shi ne uwar takan kora 'ya'yan su hau itace ita ta fito kiwo kamar ita kaɗai ce. Ka kalle ta minti ashirin, talatin ma, in tana yawan waiwayen wuri ɗaya tana ɗaga kai akwai dalili. 'Ya'yan da aka haifa a Janairu in uwar ta mutu a Mayu ba za su rayu ba, wannan nauyi ne da ban so kowa ya ɗauka. Babban namiji zaka gan shi da faɗin kai, kunnuwa ƙanana can gefe, ƙafafun gaba masu kauri har ƙasa, ciki ya kusa taɓa ciyawa, yana tafiya yana rangaji ba ya tsoron kowa. Mai dogayen kunnuwa da siraran ƙafafu yaro ne. Launi kuma kar ya ruɗe ka, baƙin beyar na iya zama ruwan ƙasa ko ja-ja, girizli ma na iya yin duhu. Tozo zaka duba, girizli na da tozo a kafaɗa kamar na sa, fuskarsa ta lotsa, faratansa dogaye.

Sai maganar hanya, wadda ita ma cikin zaɓen wuri take. Lokacin narkewa hanyoyin daji laka ce zalla, akwai kuma fadamar da ake kira maskeg, samanta kamar ciyawa ƙasanta ruwa, tana haɗiye mota har babur mai ƙafa huɗu. Hanyar da ka shiga da safe tana daskare da yamma tana iya hana ka fita. Hanyoyin kamfanonin katako da na mai wasu da rediyo ake binsu saboda manyan motoci, ka karanta allon bakin hanya, kuma kar ka raɓi rijiyoyin gas don wasu na fitar da iska mai guba. Ka bar wa wani a gida sunan wurin da lokacin dawowarka, ka riƙe na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, barkonon fesa wa beyar kuma a ƙugu yake zama ba a cikin jaka ba. Ka tambayi kanka tun kafin harbi ta ina zan fitar da shi, domin fata da kai kaɗai kaya ne, balle nama, kuma zafin Mayu na lalata fata cikin sa'o'i har gashi ya fara zuba. Dokar Birtish Kolombiya ma ta wajabta fitar da naman.

Naman kuwa na san za a tambaya. Mafi yawan malamai sun haramta cin dabba mai fiƙa da ke farauta, a mashhurin mazhabar Malikiyya makaruhi ne, kowa ya koma ga malaminsa. Ni bana ci, amma ban fita sai na riga na shirya da maƙwabtan da ke ci za su karɓa, don ban yarda a kashe rai a bar shi a daji ba. Kuma nakan gaya musu su dafa shi ya dahu har ciki, digiri 74 a ma'aunin Salshiyas, saboda tsutsar tirikinela da ke jikin beyar na arewa firiza ba ta kashe ta.

Duk wurin da ka taka, ko ka ga dabba ko baka gani ba, ka rubuta kwanan wata, yadda ciyawa take, girman ganyen fofla, inda iska ta fito, da yawan kashin da ka ƙirga. Wannan hanyar katakon ta bakin rafi da na faɗa, shekara uku a jere tana yin kore kusan sati ɗaya kafin sauran wuraren da ke littafina, da ita nake buɗe kaka yanzu, in ta fara tsufa ciyawar ta yi tauri sai in matsa zuwa wurare masu tsayi da inuwa inda tsiron ke fitowa a makare.